Fararen ɗigo sun fito wa kifayena na ruwan gishiri, me zan yi kafin su ƙare?

DanAboabo: Assalamu alaikum jama'ar gida. Don Allah masu tankin ruwan gishiri ku taimaka min da gaggawa. Kifina bulu tang ya tashi da fararen ɗigo a jiki da fukafukai, ƙanana girman ƙwayar gishiri, yana ta goga jikinsa da dutse. Tankin lita 300 ne, akwai kifin kilawun biyu, kifin damsal ɗaya, jatan lande mai shara, katantanwa da koral masu laushi kaɗan. Abin da ya ɗaure min kai shi ne ɗigon sun ɓace a makon jiya har na saki jiki, yau da asuba na haska tocila sai ga su sun dawo sun ninka, ɗaya kilawun ɗin ma ya samu a wutsiya. Wanda ya sayar min ya ce in zuba koren maganin nan na kifin ruwan daɗi. Ban zuba ba tukuna. Ina Kumasi, Aboabo.

UmmuSadiq_Madina: Wa alaikumus salam. Kar ka zuba komai a wannan tankin tukuna don Allah, koral da jatan landen ne za su fara tafiya. Yana cin abinci? Numfashinsa fa, yana haki?

DanAboabo: Yana ci Hajiya, amma ba kamar da ba. Numfashin da ɗan sauri-sauri.

MaiTarwada_Tafo: Ɗan'uwa wannan ai farin ɗigo ne, mu masu tarwada da karfasa mun saba da shi. Ka ƙara gishiri, ka ɗaga zafin ruwan ya kai digiri 30, sati ɗaya zai wuce insha Allah

Injiniya_Ashaiman: @MaiTarwada_Tafo ruwansa fa na teku ne, gishirin ya riga ya cika shi. Naku na ruwan daɗi wata halitta ce daban, Ichthyophthirius, gishiri na wahalar da ita. Nasa Cryptocaryon irritans ne, cikin gishirin aka haife shi. Zafin ma a wajensa gudu zai ƙara masa wajen hayayyafa, ga shi ruwa in ya yi zafi iskar cikinsa raguwa take yi, kifin da dama yake haki kaga an ƙara masa wahala kenan.

MaiTarwada_Tafo: Toh, na ƙaru. Ni a ido iri ɗaya nake ganinsu.

MalamNima: DanAboabo ƙanina, bari in yi maka bayanin ɓacewar da dawowar, domin in ka gane wannan sauran duk zai zo maka da sauƙi. Ɗigon da kake gani ƙwaron ne ya kutsa ƙarƙashin fatar kifin yana ci, yakan yi kwana 3 zuwa 7 a nan. In ya ƙoshi sai ya saki kifin ya faɗo ƙasa, ya ɗan yi rarrafe, ya manne a yashi ko dutse ko gilashi ya rufe kansa da ɓawo mai tauri. Lokacin ne kai kake ganin kifi ya yi fes kana cewa an warke. Shi kuwa yana cikin ɓawon yana rarrabuwa, guda ɗaya sai ya fitar da 'ya'ya har wajen 200, yawanci tsakanin kwana 3 zuwa 28. Ranar da ya fashe, galibi cikin dare ko gab da asuba lokacin kifi na kwance kusa da dutse, 'ya'yan su fito suna iyo suna neman kifi, wanda bai samu ba cikin kwana ɗaya zuwa biyu ya mutu. Irin na kuɗin cizo ne, ka kakkaɓe na jikinka amma ƙwai na nan cikin katifa.

Magani ba ya taɓa wanda ke cikin fata, ba ya taɓa wanda ke cikin ɓawo. Mai iyon nan kaɗai yake kashewa. Shi ya sa duk wanda ya ce maka kwana uku an gama bai san ciwon ba, dole maganin ya zauna a ruwa da ƙarfinsa har sai kowane ƙwaro ya zagayo ya fito ya tarar da shi.

BabanKhadija: Malam Allah ya ƙara ilimi. Amma kafin a yi nisa a tabbatar ba ɗaya ciwon da ake kira belbet ba ne. Ni shi ya share min tanki a shekarun baya, Juma'a na ga alama, kafin Lahadi babu ko ɗaya. DanAboabo ɗigon suna ƙirguwa? In za ka iya ƙirga su ɗaya bayan ɗaya to farin ɗigo ne. In kuwa jikin ya yi ƙura-ƙura, kifin na gudun haske yana zuwa ya tsaya a bakin famfo ruwa na dukansa, wannan belbet ne, Amyloodinium, ba ya jiran gobe.

DanAboabo: Suna ƙirguwa Yaya. Bai zuwa bakin famfo, yana yawo yadda ya saba, gogar jikin ce dai.

BabanKhadija: Alhamdulillah, da sauran lokaci kenan. Ka riƙa duba kilawun ɗin ma, in ka ga farin yauƙi na saɓulewa daga jikinsu wannan kuma wani ciwon ne, Brooklynella, shi maganin fomalin ake masa.

SabonZongo77: Ni fa gaskiya duk wannan ban yarda da shi ba. Kowane tanki yana da farin ɗigo, wahala ce ke fito da shi. Nawa tang ɗin ya yi, na riƙa jiƙa abincinsa da ruwan tafarnuwa, na ba shi ganyen teku kullum, na sa fitilar UV mai kashe ƙwayoyin cuta a ruwa, ya warke da kansa kuma yana nan da ransa har yau. Kamo kifi a kai shi wani ƙaramin tanki ai tashin hankalin ma sai ya kashe shi kafin ciwon

UmmuSadiq_Madina: @SabonZongo77 tun daga lokacin ka ƙara sabon kifi?

SabonZongo77: Na ƙara. Biyu sun yi ɗigo sun mutu, amma daman a raunane suka zo.

UmmuSadiq_Madina: Ka ga inda maganar take. Naka tsohon ya samu garkuwa ne, kifin da ya tsallake yakan yi watanni jikinsa na tare ciwon, amma ƙwaron bai bar tankin ba, yana nan yana ɗan maƙalewa a kunnuwansu wurin numfashi inda ido ba ya kaiwa. Baƙo na shigowa sai ya far masa. Tafarnuwa na iya jawo kifi ya ci abinci, wannan ban musa ba, ni ma ina sawa, amma ba ta kashe komai. UV kuma wanda ya bi ta cikin bututun kaɗai take kashewa.

Injiniya_Ashaiman: Kuma maganar wai kowane tanki na da shi ba haka ba ne. Halitta ce mai rai, in ba a shigo da ita ba ba ta tsirowa daga wahala. Da kifi take zuwa, ko a manne a dutse ko gindin koral ko bayan katantanwa, ko ruwan ledar da aka kawo kifin.

SabonZongo77: Na ji, amma ni dai kifina na raye. Kowa da hanyarsa.

DanAboabo: Tang ɗin shi ne sabon shiga, daga Accra aka aiko min, daga leda sai tanki. To yanzu Malam me kuke ganin zan yi?

MalamNima: Aiki biyu ne kuma tare suke tafiya. Na farko ka kwashe kifayen duka, har damsal ɗin da ba ka ga komai a jikinsa ba, ka kai su tankin jinya. Ba sai na gilashi ba, babbar robar ajiya mai tsabta ta lita 80 ko 100 ta isa. Babu yashi, babu dutse, gutsattsarin bututun PVC kawai su samu wurin ɓuya, sai soson filta da injin iska. Na biyu babban tankin ka bar shi babu kifi ko ɗaya, koral da jatan lande da katantanwa su yi zamansu, ƙwaron ba ya cin su, duk wanda ya fashe bai samu kifi ba yunwa ta kashe shi. Kwana 76 muke bari.

DanAboabo: 76?? Wata biyu da rabi fa kenan Malam, tanki a falo babu kifi, yara ma ba za su bar ni in huta ba

MalamNima: Haka ne. An taɓa samun ɓawon da ya yi kwana 72 kafin ya fashe, shi ya sa aka ɗora 'yan kwanaki a kai.

DanTudu: Malam da izininku, wannan 72 ɗin a ruwa mai sanyi ne. Mu nan ina muka ga sanyi? Tankina in ba fanka 29 yake kaiwa da rana. A irin zafinmu zagayen ƙwaron sauri yake, akwai masu cewa in ruwan bai sauka ƙasa da 27 ba kwana 45 sun isa. Ni haka na yi kuma bai dawo ba.

MalamNima: Na san wannan lissafin kuma ban ce ƙarya ba ne. Ni dai abin da nake dubawa, mutum ya sha wahalar kamun kifi, ya sayi magani, ya yi sati shida yana canjin ruwa, sai a ce saboda wata ɗaya ya koma farko. Kumasi kuma ba Accra ba ce, da hunturu ko tsakiyar damina dare na sanyi, in ba shi da hita ba zai iya rantsuwa ruwan bai sauka ba.

HajiyaAsawase: Ni tambayata daban ce, ruwan fa? Ku na Accra teku na bayan gidanku, mu nan komai sai gishirin buhu kuma kun san kuɗinsa. Tankin jinya ai canjin ruwa ne ba ƙaƙƙautawa. Ba za a iya aiko jarkokin ruwan teku a mota ba?

DanTudu: Hajiya wane tekun? Duk wanda ya san inda Korle, tafkin da ke kwaso ƙazantar Accra, ke zubowa ba zai ɗebi ruwan bakin Jamestown ya zuba wa kifi ba. Mu ma gishirin buhun muke haɗawa. Masu ɗiba sai sun bi masunta a kwalekwale can ciki, su dawo su tace su ajiye a duhu, kuma duk da haka ana iya kwaso wani ciwon. Mai jinya bai kamata ya yi wannan cacar ba.

MaiTarwada_Tafo: Gishirin da ake haƙowa a garin Ada fa? Yana da arha a Kejetia, buhu guda ba tsada

Injiniya_Ashaiman: Na miya ne da wankan tarwada. Ruwan teku ba gishiri kaɗai ba ne, akwai kalsiyam da magnisiyam da abin da ke riƙe pH, wato ma'aunin tsamin ruwa, lokacin da ake busar da shi a fili yawancinsu ba sa biyo shi. Kifin teku ba zai daɗe a ciki ba.

DanAboabo: To mu dawo kan magani don Allah, a robar me zan zuba?

MalamNima: Maganin jan ƙarfe, kopa. Shi ne wanda aka fi sani kuma yana kama belbet ma, ko da BabanKhadija ya yi gaskiya ka tsira. In samfurin Cupramine ka samu, abin da ke jikin kwalbar shi ne mililita 1 a kowace lita 40, ka jira awa 48 ka sake, ƙarfinsa a ruwan ya kai miligiram 0.5 a lita. Ni nakan raba shi kwana huɗu ko biyar don kada kifin ya daina cin abinci, amma in ciwon ya yi tsanani ba a jan ƙafa. Kamfanin ya ce kwana 14, da yawanmu muna kaiwa 30 in a robar ɗaya za su zauna. In kuma Copper Power ne lissafinsa daban, 2.0 zuwa 2.5, kar ka haɗa lambobin biyu. Sharaɗin da ba a ɗaga ƙafa a kai shi ne abin gwaji. Kopa guba ne, tsakanin inda yake kashe ƙwaro da inda yake kashe kifi ba nisa, in ya sauka ƙasa kuma ƙirgen kwanakinka ya koma ɗaya. Kullum ka gwada. Ruwan da za ka canza ka sa masa maganin tun a bokiti kafin ka zuba. Ka cire gawayin filta, ka kashe UV.

UmmuSadiq_Madina: Ƙari a kan na Malam, kar ka kuskura ka zuba Prime ko irin magungunan ɗaure amoniya a ruwan da ke da Cupramine, suna mayar da shi mugun guba. Na san wadda ta yi asarar kifi biyar a dare ɗaya ta haka. Kuma amoniya, gubar da ke fitowa daga kashin kifi, ita ce ta fi kashe kifi a sabon tankin jinya, ba ciwon ba. Ka ɗauko soso daga babban tankinka mai ƙwayoyin nan masu amfani, ka rage abinci, ka zuƙe kashin ƙasa kullum da tiyo.

Kawu_Alabar: 'Ya'yana kopa ai yana nan birjik a shagunan kayan noma, wanda manoman koko ke feshi da shi. Ba zai yi ba?

Injiniya_Ashaiman: Kawu ku yi haƙuri, a'a. Na feshin koko an haɗa shi da wasu sinadarai don ya manne a jikin ɗan koko, wasu ma da maganin funfuna na biyu a ciki, kuma ba a yi shi don ya narke daidai a ruwan kifi ba. Babu yadda za a auna shi a lita 80.

DanAboabo: Na kira wurare biyu a nan, akwai mai maganin amma babu mai abin gwajin kopa. In babu shi fa?

HajiyaAsawase: Ni ban taɓa sa kopa ba, rage gishiri na yi. Ruwanmu ai 1.025 yake a ma'aunin gishiri, sai ka riƙa ƙara ruwan daɗi mai tsabta a hankali cikin kwana biyu har ya sauka 1.009, kifin zai jure amma ƙwaron ba ya iyawa. Ka riƙe shi a nan kwana 30 bayan ɗigon ƙarshe ya ɓace. Wajen komawa sama ne ake lallaɓawa, kar ya wuce 0.002 a rana. Kuma kaga ya rage min cin gishiri, wanda shi ne kukana tun ɗazu. Amma sai da rifraktomita, na'urar auna gishiri, da aka saita, wannan ma'aunin na roba mai allura ba shi da tabbas. Kuma a robar jinya fa, ba a tankin koral ba.

DanTudu: Matsalarta a ƙasar nan fanka. Ruwa na tashi gishiri na zama, ka kwanta a 1.009 ka tashi ya haura, ƙwaron ya samu rai. Sai ka ja layi da maka a jikin robar kana cikawa safe da yamma. Kuma ba ta yi wa belbet komai, an ma samu wasu irin farin ɗigon da ke jure ƙarancin gishiri.

BabanKhadija: Akwai ta canjin tanki ma ba magani ko ɗaya. Roba biyu, kowacce da kayanta. Duk kafin awa 72 ta cika ka mayar da kifin ɗayar mai sabon ruwa, ka wanke ta farkon da bilic ka shanya ta bushe ƙarau, sau huɗu, wajen kwana 12 zuwa 13 an gama. Dabarar ita ce wanda ya faɗo ƙasa ba ya samun lokacin fashewa kafin kifin ya bar wurin. Sai dai tana shan gishiri, Hajiya za ta ce a'a.

HajiyaAsawase: Na ce a'a tun kafin ka gama rubutawa. Lita 80 sau biyar a Kumasi?

Kawu_Alabar: Na ji ana cewa kulorokwin ma na yi. Wanda muka sha muna yara har jiki ya yi ta ƙaiƙayi. Tunda aka daina ba da shi don zazzaɓin sauro ban ƙara ganinsa sosai ba.

MalamNima: Gaskiya ne Kawu, kulorokwin fosfet, manyan gidajen kifi na amfani da shi, miligiram 10 zuwa 15 a lita, yana kama farin ɗigo da belbet. Amma garinsa zalla ake so, ƙwayar kemis akwai abubuwan da aka cakuɗa, haske na lalata shi, ba mu da abin gwada shi a gida. Kuma masu kiwo da yawa sun ba da labarin bulu tang ba ya jure shi. Ga kifin DanAboabo ban ba da shawara ba.

SabonZongo77: Duk kun manta da dumso. Roba babu dutse babu komai, wuta ta ɗauke ƙarfe biyun dare, kifi huɗu masu ciwon numfashi a ruwa mai zafi, wa zai kai asuba? A babban tanki ko ba komai ruwan na da yawa. Abin da nake faɗa kenan tun farko

UmmuSadiq_Madina: Nan kam ka faɗi gaskiya. Injin iska mai batir wajibi ne, akwai masu caji da ke tashi da kansu in wuta ta tafi, akwai na USB da ake haɗawa da pawa bank. DanAboabo ka saye shi kafin ma maganin. In ba ka da komai ka ɗebi ruwan da kofi kana zubawa daga sama. Amma wannan dalilin shiri ne SabonZongo, ba dalilin barin ƙwaro a tanki ba.

DanAboabo: Akwai inbata a gidan, tana ɗaukar famfo. Wani ya turo min saƙo wai in tsoma tang ɗin a ruwan daɗi minti biyar, yana taimakawa?

BabanKhadija: Ga belbet da tsutsar fata yana kawo sauƙi, minti 3 zuwa 5, zafin ruwan da pH su zo ɗaya. Ga farin ɗigo amfaninsa kaɗan ne tunda Malam ya ce yana can ƙarƙashin fata. Kar ka wahalar da shi a banza.

Injiniya_Ashaiman: Kuma robar kar ta zauna kusa da babban tankin, feshin kumfar iska na iya ɗaukar ƙwaron, a ba da tazarar kamar mita 3 ko wani ɗaki. Raga daban, bokiti daban, tiyo daban, hannu ma a wanke a bushe. Duk sabon koral ko katantanwa da ka sa cikin kwanakin nan ƙirge ya koma farko.

DanAboabo: Na sayo roba ta lita 100 da bututu, na haɗa ruwa yana juyawa. Kilawun biyu da tang sun shiga, tang ɗin ya kwanta a cikin bututu amma ya ɗan tsinci ganye. Damsal ɗin ne ya shige cikin dutse ya ƙi fitowa. In bar shi shi kaɗai ba zai yiwu ba? Lafiyarsa ƙalau wlh.

MalamNima: Ba zai yiwu ba ƙanina. Kifi ɗaya ya isa ya ciyar da ƙwaron har shekara. Ranar da ya fita ita ce rana ta ɗaya.

DanTudu: Yanke kan gorar ruwa ka juya shi ciki, ka sa abinci, ka bar shi da yunwa kwana ɗaya zai shiga. In ya ƙi, fitar da duwatsun a baho da ruwan tankin, ka rage ruwan sosai. Ni abin gwajin kopa ina da na kamfanin Hanna da sauran garin gwajin, zan iya ba direba a tashar Circle gobe da safe ka karɓa da yamma, in ka gama ka dawo min da shi.

DanAboabo: Allah ya saka da alheri Yaya, na turo maka lambata ta inbos. Amma yanzu na rasa, in jira abin gwajin in yi kopa, ko in fara rage gishiri yau tunda rifraktomita ina da ita?

HajiyaAsawase: Fara ragewa yau, me za ka jira.

MalamNima: Ni na fi son kopa saboda numfashin nan da ya ce da sauri. Amma ka zaɓi ɗaya, kar ka haɗa su, kopa a ruwa mai ƙarancin gishiri ƙarfin gubarsa ƙaruwa yake. Ka ɗauko mana bidiyon tang ɗin da farin haske, kusa da kunnen, mu ƙirga numfashin.

SabonZongo77: Ni dai ina nan, a riƙa ba mu labari. In damsal ɗin ya ƙi kamuwa ka dawo mu yi maganar UV.

UmmuSadiq_Madina: Bidiyon bai buɗe a wajena ba, sake turowa. Kuma ka gwada amoniya kafin ka kwanta.